Abin da Kawu Ilu Ya Gani a Jinkarmu

Bazarar bana ba ta zo da wasa ba. Ɗakin kwano kuwa kun san halinsa, da hantsi ya ɗaga sai ya koro ka waje ko kana so ko ba ka so. Ni dai nakan ja tabarmata zuwa gindin darbejiyar tsakar gida, in zauna da maficina ina leƙen gabas ko hadari zai ɗago kai. A nan nake zaune ranar Talatar da ta wuce, a gidan autana Bashir da ke Kankiya, sai na ji matarsa Rukayya tana zazzage akwatuna tana salati.

Ɗankunnenta na gwal ne ya yi ɓatan dabo, wanda marigayiya mahaifiyarta ta bar mata. Kwana biyu kafin nan kafinta ya zo ya sake mata kwanon ɗaki, don yana yoyo ga shi damina ta matso.

"Hajiya, wallahi babu baƙon da ya shiga ɗakin nan sai shi," ta ce, idonta ya yi ja.

Bashir ko zama bai yi ba, ya zari makullin babur. "Bari in je shagon nasa. Ko ya fito da shi ta lalama, ko mu haɗu gaban hukuma."

Na ce, "Ajiye makullin nan."

"Haba Hajiya!"

"Ka gan shi da idonka ya ɗauka?"

"Ban gan shi ba, amma in ba shi ba wa?"

"To zauna. Ke ma zo ki zauna."

Ba don na san kafintan ba ne, ko sunansa ban riƙe ba. Maganar nan ce ta "in ba shi ba wa" ta soke ni, don na taɓa jin ta a bakin mahaifina, cikin irin wannan zafin, yau shekara hamsin da ɗoriya. Ban taɓa ba kowa labarin ba sai ran nan.

A Kaikai aka haife ni, ni ce 'yar fari a gidanmu. Daminar da ta gabaci wancan lokacin ruwa ya ɗauke daidai gero na fitar da kai, abin da muka girba bai kai rabin rumbu ba. Kafin zafi ya kankama Baba ya daina miƙa hannu ta bakin rumbu, sai dai ya shiga ciki gaba ɗaya, mu muna waje muna jin ƙwarya tana gurzar ƙasa. Daga tuwo sau biyu aka koma sau ɗaya. Aka fara cuɗa gari da dusa, a hankali dusar ta fi garin yawa. Miya kuwa kuka ce da gishiri, in an ga daddawa ranar an yi sa'a. Mu yara gindin aduwa da goruba muke wuni muna jifa, mu yi ta tsotsa har bakinmu ya tsage. Rijiyar unguwarmu ta ja da baya, sai an ƙulla wa guga wata igiyar, abin da zai fito kuma rabinsa laka.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. Da sassafe Baba zai tafi sharar gona, ya tattara tushiya da ƙaya ya cinna musu wuta, ya dawo ya aza wa jaki mangala ya yi ta kai taki har rana ta take. Inna tana saƙar faifai a ba masu zuwa kasuwar Kusada su sayar. Ni kuma aikina goyon ƙanena Garba, yana ɗan shekara uku.

Abu ɗaya ne a gidan ba a taɓawa: iri. Yanzu in shuka ta zo sai ka ga mutum ya shiga shago ya sayo iri a leda. A lokacin wa zai sayar maka? Tun ranar girbi Baba yake zaɓen zangarniya mafi tsawo da cika, ya ɗaure su da kaba, ya naɗe da guntuwar tabarma, ya soke a jinkar ɗakin Inna, daidai saman murhun da take girki in ana ruwa, don hayaƙi ya hana ƙwari. Geron ubansa ne, mai dogon kai kamar kamu ɗaya da rabi, ba ya haɗa shi da na kowa. A shekarar nan da bakinsa ya ce, yana nuna jinka, "Ko mutuwa za mu yi, wannan ba abinci ba ne." Baba mutum ne mai zafi, in ya faɗi magana ba ya sakewa. Kuma a garinmu babu abin kunya ga matar aure kamar a ce ta dafa iri. Wadda ta yi haka, ko mijinta bai kore ta ba, bakin mata a rijiya zai kore ta.

Sai ƙyanda ta shigo gari ta kama Garba. Ta sake shi, amma ta bar shi fata da ƙashi, bakinsa duk gyambo. In aka ba shi tuwon dusa sai ya tofar, ya yi ta wani siririn kuka kamar ɗan mage. Kwana uku babu abin da ya wuce maƙogwaronsa sai ruwa.

A rana ta huɗu, Baba ya fita da jaki, Inna ta ce mini, "Ke, tsaya bakin ƙofa. In kin ga wani ki yi tari." Ba ta kiran sunana, kun san 'yar fari. Na tsaya, amma idona yana ciki. Ta taka turmi, ta zaro ƙunshin nan, ta cire zangarniya biyu daga tsakiya, ta murza su a tafin hannunta cikin faifai, ta mayar da zangarniyun, fanko, inda suke ta ɗaure. Ba ta daka ba, don a shekarar nan in aka ji tabarya a gida sai makwabta su tambayi lafiya. A dutsen niƙa ta niƙa, a hankali, ta dama kunu. Wayyo, ƙamshin kunun nan! Har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Garba ya sha, ya sake buɗe baki. Inna ta miƙo mini suɗin tukunyar, na lashe tas har da yatsa.

"Ba ki ga komai ba," ta ce.

"Ban gani ba, Inna."

"Zangarniya biyu ce kawai. Ba za a gane ba."

Washegari ma biyu ce kawai. Haka aka yi ta yi kusan wata guda, Garba yana cikowa, ƙunshi yana ramewa, ni ina tari a bakin ƙofa ina jiran suɗi. Ranar da Garba ya miƙe ya bi kaza da gudu, abin da ya rage a ƙunshin bai fi a yi kunu sau ɗaya ba, shi ma aka yi.

Ana cikin haka Baba ya ce ya aika wa Kawu Ilu ya zo ya yi wa ɗakin Inna baibaya kafin ruwa ya sauka.

Kawu Ilu ba ɗan'uwanmu ba ne, mutumin wani ƙauye ne da ake kira Boko, amma duk yaran Kaikai haka muke kiransa. Siriri ne, dogo, ga wata tsohuwar malfa da ba ya rabuwa da ita. Duk bazara yana zagaya garuruwanmu da wuƙarsa da ƙullin igiya, ya yaye tsohuwar ciyawa ya shimfiɗa sabon shuci, hawa bisa hawa, har ya ɗaure kan ɗaki. Baibayarsa takan yi damina uku ko ɗigo babu. Ni "uwar ɗakina" yake ce mini. In ya shigo zai ce, "Ina uwar ɗakina? A kawo mini ruwa, in ba haka ba in bar ƙofa a saman ɗaki, ruwa ya jiƙa mai rowa." Kuma ba ya zuwa hannu sake, ko ƙwallon goruba ne zai fiddo daga aljihu.

A zamanin nan jinka ita ce akwatin mace. Nan take soke wuƙa da matsefi da laya, da maganin da ba ta so a sani, da duk wani ƙulli da ta ɓoye wa miji ko makwabta. Mai baibaya kuwa dole ya ga komai, tunda shi ke yaye rufin. Shi ya sa sana'ar take da doka ɗaya da kowa ya sani: abin da ya tarar a jinka zai ajiye gefe, in ya gama ya mayar inda yake, kuma ba ya faɗa wa kowa, ko maigidan ne. Da wannan amanar ake barinsa ya hau ɗakin matan mutane. In ta karye, sana'a ta ƙare.

Ranar da ya zo Baba ya gaisa da shi, ya nuna masa shucin da ya tanada, ya wuce gona. Inna tana tsakar gida tana riƙe da faifai, amma ba saƙa take ba. Kawu Ilu ya hau, ya fara yaye baƙar ciyawa tana zubowa da kunkunniya. Ya ciro wuƙa ya ajiye, ya ciro matsefi ya ajiye. Sai ya kai hannu kan ƙunshin, ya ɗaga shi da ƙarfi kamar mai ɗaga abu mai nauyi, hannunsa ya yi sama fiye da yadda ya nufa. Ya tsaya. Ya buɗe gefen tabarmar ya leƙa. Ya dubi Inna, ya dubi Garba da ke zaune yana wasa da ƙasa, tabon ƙyanda duk a fuskarsa. Inna ta sunkuyar da kai.

Ya san in ya mayar da ƙunshin inda yake, duk ranar da Baba ya buɗe zai ga an murje shi da hannu ɗaya bayan ɗaya, ba aikin ɓera ba ne. Sai ya sake shi ya faɗa cikin tulin tsohuwar ciyawa, ya turo wata a kai, ya ce, "Uwar gida, ga makamashi nan, a kwashe kada akuya ta watsa." Inna ta kwashe. Da shi aka dafa ɗan tuwon da aka ba shi a ranar.

Da la'asar ya gama. Na shiga ɗakin na kwanta rigingine ina kallon sabon rufi. Sanyi kamar gindin randa, ga ƙamshin ɗanyen shuci. Wallahi tun da na shigo ɗakin kwano ban sake yin barcin rana irin wannan ba.

Bayan kwana biyar gabas ta fara haɗa baƙi, iska ta juya, ana jin ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari. Baba ya gyara ƙotar sungumi, ya shiga ɗakin Inna ya miƙa hannu saman murhu. Ya lalaba nan, ya lalaba can. Ya fito.

"Ina iri?"

Inna ta ce, "Tun ranar baibaya ban sake ganinsa ba, Malam."

Ba ta yi ƙarya ba, amma ni da ita mun san abin da ta yi. Baba ya birkice ɗakin, ya zazzage randa da tukwane. Sai ya tsaya tsakar gida yana huci ya ce, "Ilu ne ya hau ɗakin nan. In ba shi ba wa?"

Ya fita, na bi bayansa. Kawu Ilu yana unguwarmu a ranar, yana kan ɗakin wani makwabcinmu, ya kai rabi. Maza na zaune a inuwa suna yanta masa ciyawa. Baba ko sallama bai gama ba ya ɗaga murya.

"Ilu, ina irina?"

Kawu Ilu ya dubo ƙasa. "Ban fita da komai daga gidanka ba, Malam."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka gan shi a jinka ko ba ka gan shi ba?"

Kawu Ilu ya ci gaba da ɗaure shucinsa.

"Yi magana mana! Mi ka gani?"

"Ka san ba na faɗin abin da na gani a jinka."

"Ba ka faɗi, amma kana ɗauka! Shekara nawa kana cin tuwo a gidana? Ka rasa abin da za ka sata sai iri, a wannan shekarar?"

Ina tsaye jikin danga. Kawu Ilu ya hango ni, muka haɗa ido. Kalma ɗaya ce a bakina, da na faɗe ta shi ke nan. Amma na tuna Inna, na tuna suɗin da na lashe, na ja bakina na rufe. Shi ne ma ya fara kawar da kai, kamar ba ya so a lura da inda yake kallo.

Makwabcin namu ya yi gyaran murya ya ce, "To Ilu, sauko haka nan. Sauran ma ƙarasa da kanmu." Ya sauko a hankali, ya naɗe igiyarsa, ya soke wuƙarsa a ƙugu, ya gyara malfa. Ya kama hanyar Boko da tsakar rana, ko ruwa ba a ba shi ba. Kafin magariba labari ya gama gari, har an laƙaba masa suna, Ilu mai dogon hannu. Mata suka fara tuno abubuwan da suka ɓata musu shekara uku baya. Wata ta ce dama ita tun tuni ba ta yarda da idonsa ba. Tabɗi! Matar da bara ta roƙe shi ya fara da ɗakinta.

Kwana biyu bayan nan ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai, tun azahar har la'asar. Yara suka fita tsirara suna ihu, ƙasa ta yi wannan ƙamshi da ke sa mutum ya ji kamar ya ci. Ɗakin Inna ko ɗigo bai yi ba. Da gari ya waye duk Kaikai ta fita gona, maza na sara da sungumi, mata da yara na bi suna zuba iri suna take shi da ƙafa. Mu kaɗai muke gida. Baba ya zagaya gida-gida, amma wa ke da rara a shekarar? Wanda ya tausaya ya ba shi cikin tafin hannu. Ya dawo ya zauna a zaure, sungumi a gefensa, yana kallon ƙasa tana shan iska.

Da hantsin rana ta biyu wata mata ta yi sallama, ƙafafunta duk laka, da ƙwarya a kanta an rufe da faifai. Matar Kawu Ilu ce, tun daga Boko a ƙasa. Ta sauke a gaban Inna ta ce, "In ji maigidana, a shuka, kada lema ta wuce." Ba ta zauna ba, ta juya. Aka buɗe, gero ne, cike da ƙwarya.

Inna ta toshe baki da gefen zanenta. Baba kuwa ya ɗauki ƙwaryar ya fita ƙofar gida yana nuna wa masu wucewa. "Kun gani? Kunya ta ishe shi, ya maido!" Kowa ya ce lallai, dama an faɗa. Alherin da bawan Allah nan ya yi shi ne ya zama shaidar da ta ƙarasa shi.

Muka shuka a ranar har duhu ya fara. Ni ce ke bin bayan Baba ina zuba iri, hawaye na zuba tare da shi, ya ɗauka gajiya ce.

Damina ta yi kyau, amma kun san yunwa ta fi cizo lokacin da gona ta yi kore. Aka yi noman fari da cikin da babu komai sai ganyen tafasa, aka yi maimai da kwaɗon rama. Marka ta zo, kwana uku ba a ga rana ba, itace ya jiƙe, muna takure a ɗakin Inna hayaƙi na cin ido. Sai ga wani abu: geronmu ya riga na kowa fitar da kai, da kusan mako biyu. Kuma kan gajere ne, mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya zama a kai. Mu muka fara cin tumu a unguwar, har makwabta na aiko yara.

Wata rana da azahar Baba ya dawo daga gona da zangarniya ɗaya a hannu. Inna tana tsinke tafasa. Ya ajiye a gabanta.

"Wannan ba geron ubana ba ne."

Inna ta dube ta. Ta ce, "Ba shi ba ne, Malam."

"To ina nawa?"

Ta nuna Garba, yana can yana hawan turmi yana faɗowa. "Ga shi can." Sai ta faɗi komai, ba ta rage ba, tun daga zangarniya biyun farko har wutar da ta ci ƙunshin. Ta ce, "In tafiya ce, bari in ɗauko zanena."

Na tsaya ina jiran tsawa. Baba ya zauna a ƙasa, ba ma kan tabarma ba. Ya juyo gare ni. "Ke ma kin sani?"

"Ni ke shan suɗin, Baba."

Bai daki kowa ba, bai kori kowa ba. Abin da ya ce kawai, "Inna lillahi. Na ci mutuncin mutum a gaban jama'a, shi kuma yana rufa mini asiri."

Da aka yi girbi ya ɗaura dami biyu a kan jaki, Inna ta cika ƙwaryar nan da fura, don ba a mayar da ƙwarya wofi, aka aza mini a kai muka tafi Boko. Kafin mu shiga gari muka wuce wata gona, rabi an girbe, rabi kuwa ciyawa ce tsaye har ƙugu. Baba ya tambayi wani mai kiwo ta wace ce. Ya ce ta Ilu ce, bana irinsa bai isa ba. Baba ya ja jaki muka wuce.

Muka tarar da Kawu Ilu a zaure yana tufka igiya. Ya gan ni ya yi murmushi. "A'a, uwar ɗakina ce da kanta?" Baba ya durƙusa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce ya zo neman gafara, kuma ranar Juma'a zai miƙe a masallaci ya faɗa wa jama'a gaskiya.

Kawu Ilu ya ce, "Wace gaskiyar? Ka ce musu mi?"

"In ce ba kai ba ne."

"Su ce to wane ne? Sai ka ce matarka? Haba Malam. Ta ina za ta sake zuwa rijiya? Nawa sunan ya riga ya ɓaci, kada a ɓata biyu." Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Yaron ya miƙe?"

"Ya miƙe."

"To alhamdu lillahi, ba a yi asara ba. Ni dai ban ga komai a jinkarku ba."

Baba ya karɓi wannan shirun, kuma ina ganin har ya mutu yana masa nauyi. Duk bazara yakan aika a kira Kawu Ilu, ko ɗakin bai buƙaci baibaya ba. Amma mu kaɗai ke kiransa a Kaikai. Abin haushi ma, mutane sai suka riƙa yabon Baba, wai ga mai haƙuri, ya yafe wa ɓarawonsa. Yana shigowa zai ce ina uwar ɗakinsa, ni kuwa in kawo ruwan in gudu, don ba na iya kallon idonsa. Ina ɗakin aure a Kankiya na ji rasuwarsa, a bakin wata mai tallar fura, ta faɗa kamar labarin farashin gishiri. Na shiga ɗaki na yi kuka har mijina ya ɗauka wani nawa ne ya mutu. Nawa ne kuwa.

Ina kewar mutumin nan. Ina kewar Inna da faifanta, da sanyin ɗakin nan, har da zafin Baba. Duk sun tafi. Geron ne kawai ya rage, don Baba bai sake neman na ubansa ba. Garba yana Kaikai da jikokinsa, har yau shi yake shukawa, gajere mai gashi, muna ce masa ɗan Boko. Buhun da ke ɗakin ajiyar Rukayya ma shi ne.

Da na kai nan Bashir ya juya makulli a hannu. Ya ce, "To Hajiya, in kuma kafintan ne ya ɗauka fa?"

Na ce, "Wataƙila shi ne, ni ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. A ci gaba da nema. In kun tambaye shi, ku tambaye shi a keɓe kamar mutum." Har yau da nake wannan maganar ba a ga ɗankunnen ba.

Rukayya ce ta ce, a hankali, "Hajiya, su iyalan Kawu Ilu sun san gaskiya?"

Kai, yarinyar nan ta kashe mini jiki. Inna ta rasu shekara tara ke nan, babu sauran wanda za a rufa wa asiri sai ni. Na ce wa Bashir, tunda yana son hawa babur, gobe ya kai ni Boko. Na sa Rukayya ta dama fura da ɗan Boko, ta cika ƙwarya.

Garin ya sake, duk kwano ne, da ƙyar na gane zauren. Aka nuna mana ɗiyarsa, Hajara, tsohuwa kamata, tana zaune tana ɓarar gyaɗar shuka. Na faɗi ko ni wace ce, fuskarta ta ɗaure. Na zauna a ƙasa na ba ta labarin kamar yadda na ba ku. Ba ta katse ni ba, hannunta dai ya daina ɓara.

Ta ce, "Bai taɓa faɗa mana abin da ya gani ba, har ya koma ga Allah. Mu dai mun san ba ɓarawo ba ne. Abin da ba mu sani ba, ko akwai mutum ɗaya a Kaikai da ya san haka." Ta share ido da bayan hannu. "Shekarar nan mun sha wuya. Ina kallo ya raba irinmu biyu ya ba innata rabi ta kai Kaikai. Na daɗe ina cewa, wai wa ya ci rabona?"

Na ce, "Ni ce. Ni da ƙanena. Har yau muna ci."

Na tura mata ƙwaryar. Ta ɗaga faifan, ta sunsuna, ta ɗebi ludayi ɗaya ta kai baki. Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Geron babana ne," ta ce. "Mu namu ya ɓace tun shekarun baya." Ta dube ni. "Ki ce wa ƙanen naki ya aiko mini da iri kafin ruwa ya sauka."